Kumburin gefen kunne ko ƙasan haɓa: yadda za ka gane irin shi da abin yi

Jama'a ba kowane kumburin kumatu ba ne hangum. Wuraren da ke yin yawu manya guda 6 ne, biyu gaban kunnuwa, biyu ƙasan muƙamuƙi, biyu ƙarƙashin harshe, kuma kowanne na iya toshewa ko ya kamu da ƙwayar cuta.

Fara lura da lokacin da yake tashi. In kana sa loma a baki sai ƙasan haɓa ya kumbura da zafi, bayan awa ɗaya ko biyu ya sace, to galibi ɗan dutse ne ya tare hanyar yawu, kuma rashin shan ruwa na kawo shi, shi ya sa a yi hattara da zafin Maradi na Afrilu da Mayu balle in ya haɗu da azumi. Sha ruwa sosai, jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ka gasa wurin, ka murza a hankali daga baya zuwa gaba, sannan ka tsotsi lemun tsami ko tsamiya dan yawu ya tunkuɗo dutsen. Ƙananan sukan fita da haka. Amma in wurin ya yi ja, ga masassara, ga ɗanɗanon mugunya a baki, bar dabarun gida ka tafi CSI (ƙaramin asibiti) ko babban asibiti a rubuta maka odonansi, wato takardar magani, kar ka sayi antibiyotik wajen masu talla.

Hangum kuwa birus ne, antibiyotik ba ya mishi komi. Yaro ya huta, a ba shi ruwa da kunu da parasetamol, banda asfirin, kuma banda tsami dan ƙara mishi zafi zai yi, ya zauna gida kwana 5 kar ya shafa wa ƴan lakwal. Namiji baligi in marainanshi suka kumbura ya ga likita ranar.

Wanda ya fi damuna shi ne ƙullutun da ba ya ciwo, yana girma a hankali wata da watanni, mutane su ce ai ba komi. Yawancinsu ba ciwon daji (kansa) ba ne, amma sai an yi ekogarafi, wato hoton cikin wurin, an ɗebo kaɗan da allura an duba ake tabbatarwa, nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro. In baki ya fara karkacewa ko ido ya ƙi rufuwa kar a kwana.

Dan Allah kar a kai wa wanzami ya tsaga ko a yi sakiya, jijiyar da ke motsa fuska ta cikin wurin nan na gaban kunne ta ratsa, in aka yanke ta gefen fuskar na iya shanyewa har abada.