Harsashin ƙarfe a bindigar farauta: kurakuran da aka fi yi

Kwanakin baya na tarar da wata bindiga mai baki biyu a rumfar wani maƙeri a nan Daura. Dab da bakinta, bututun dama ya kumbura kamar an zura masa zobe, haɗin bututun biyu har ya fara rabuwa. Gadon uba ce, ta shekara da shekaru tana cin harsashin dalma lafiya. Ranar da mai ita ya ɗura mata na ƙarfe, ranar ta tashi aiki. Allah ne ya tsare masa yatsu da idanu.

Na ƙarfen ba abin ƙi ba ne. Dalma guba ce, mun ga yadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kuma tun 1991 Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da ita. Matsalar ita ce mu da muke ɗaukar su duk ɗaya.

Dalma tana da taushi. Idan ƙwayoyin suka iso bakin bindiga inda aka matse shi, sai su lotsa su wuce. Ƙarfe ba ya lotsawa, bututun ne ke ji a jikinsa. Don haka kafin ka saya, ɓalle bindigar ka duba ƙasan bututun. Bindigogin Turai da aka gwada da harsashin ƙarfe mai ƙarfi suna da tambarin ɗan fure mai kunne uku. In babu, kada ka kusanci mai ƙarfin. Matsin bakin kuma kada ya wuce rabi. Tsohuwar bindiga mai siririn bututu, ka bar ta da abin da ta saba.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne masu farke harsashi su zazzage dalmar, su cika shi da boris ɗin keke ko gutsattsarin ƙusa, wai sun samu na ƙarfe. Ɗan'uwa, wannan ba shi ba ne. Na kamfani ƙwayoyinsa a cikin kofin roba mai kauri suke, suna fita ba tare da sun goga bututu ba, kuma an auna albarushinsa daidai da su. Boris tsirara yake bi ta ciki, yana kartar bututu, wata rana ya fasa shi a hannunka. A harbi-ruga abin ya fi muni, don ba wanda ya taɓa gwada ƙarfin bututunta. Wannan ba shi da gyara sai dainawa.

Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, in girmansu ɗaya, nauyin ƙarfe kusan 7.8 ne, na dalma 11.3, shi ya sa ƙarfinsa ke saurin mutuwa. In da ƙwayoyin dalma lamba 6 kake harbin zabi, a na ƙarfe koma lamba 4 da suka fi girma, ka kuma matsa kusa, kada tsuntsu ya tafi da rauni.

Yana kuma tsalle. Ya bugi dutse, busasshiyar ƙasar rani ko saman ruwa, sai ya dawo ta inda ba ka zata ba. A farautar gayya, ga mutane ga karnuka, kada ka harba ƙasa-ƙasa.

Da damina a adana harsashi inda laima ba ta kai. Ƙwayoyin kan yi tsatsa su dunƙule, su fita cure guda. Wanda ka ga tsatsa a jikinsa, kada ka ɗura shi. Naman kuma a laluba shi da kyau kafin ya shiga tukunya, ƙwaya ɗaya ta isa ta fasa wa yaro haƙori.