Yadda Ake Fara Aikin Nazarin Bayanan Lafiya

Duk lokacin da majiyyaci ya ga likita, ana barin rubutu a baya: awon jini, sakamakon gwaji, maganin da aka ba shi, ranar kwantarwa da ranar sallama. Mai nazarin bayanan lafiya shi ne ke tattara waɗannan, ya tace su, ya fito da amsar da likita ko shugaban asibiti zai iya aiki da ita. Wasu na shigowa daga aikin jinya ko haɗa magani, wasu daga fannin kwamfuta. Ko ta ina ka biyo, matakan ɗaya ne.

Fara da SQL, harshen da ake amfani da shi wajen zaƙulo bayanai daga rumbun bayanai na kwamfuta. Bayanan asibiti suna zaune ne a jadawalai daban-daban: na majiyyata, na ziyara, na gwaje-gwaje, na magunguna. Sai ka iya haɗa su kafin ka yi komai. A nan sabon shiga ke fara tuntuɓe. Idan ka haɗa jadawalin majiyyata da na gwaji, mutumin da aka yi wa gwaji 40 zai bayyana sau 40, matsakaicin shekarun da ka lissafa kuma zai karkata ga waɗanda suka fi jin jiki. Ƙirga layuka kafin haɗawa, ka sake ƙirgawa bayan haɗawa. Bayan SQL, ɗauki Python ko R, harsunan kwamfuta da ake nazarin bayanai da su, guda ɗaya ya isa a farko.

Mataki na biyu ƙididdiga ce, kuma ba a tsallake ta. Ɗauki mutum 1,000 da 10 cikinsu ke ɗauke da wata cuta. Gwajinka yana gano kashi 90 cikin 100 na masu cutar, yana kuma wanke kashi 90 cikin 100 na masu lafiya. Zai kama 9 daga cikin 10, amma zai ɗora wa lafiyayyu 99 cutar da ba su da ita. Cikin 108 da gwajin ya nuna, 9 kaɗai ne na gaskiya, wato kusan kashi 8. Wanda bai riƙe wannan lissafi ba zai gina manhajar gargaɗi mai ƙara dare da rana, har ma'aikatan jinya su daina kula ta.

Na uku, koyi lambobin da asibiti ke magana da su. ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne na cututtuka: I10 hawan jini, E11 ciwon suga nau'i na biyu. ICD-11 ya fara aiki a 2022, amma wurare da yawa suna kan na 10 har yanzu. LOINC na gwaje-gwajen ɗakin bincike ne, FHIR kuma tsari ne na musayar bayanai tsakanin manhajoji. Ka tuna cewa sau da yawa ana saka lambar cuta ne don biyan kuɗi ko cike rahoto. Saboda haka kada ka ɗauki E11 shi kaɗai a matsayin hujja. Duba ko akwai gwajin suga ko maganin da ya goyi bayansa.

Tsaftace bayanai shi ne zai ci mafi yawan lokacinka, kuma a nan ake gane ƙwararre. Buɗe layin awon suga. Za ka iya ganin 126 a sama, 7 a ƙasansa. Ba kuskure ba ne: na farko a ma'aunin mg/dL yake, na biyu a mmol/L, kuma 7 sau 18 shi ne 126. Idan ka haɗa su ba tare da daidaitawa ba, mai ciwon suga zai zama kamar wanda sugansa ya faɗi warwas. Guraben da babu komai ma suna da ma'ana. Sau da yawa likita ba ya yin gwaji sai yana zargin wani abu, don haka rashin sakamako yakan nuna cewa majiyyacin bai tayar wa kowa hankali ba. Cike gurbin da matsakaici yana shafe wannan. Kafin ka taɓa kowane layi, nemi wanda ke shigar da bayanan ka tambaye shi yadda ake cike shi, da lokacin da ake cikewa.

Sai yanzu za a zo gina manhajar hasashe. Raba bayanan da za ka koyar da manhajar da su da waɗanda za ka jarraba ta da su bisa majiyyaci, kada mutum ɗaya ya faɗa ɓangarori biyu. Kada kuma ka bari abin da ya faru bayan lokacin hasashe ya shiga ciki. Idan kana hasashen wanda zai kamu da cuta, maganin da aka ba shi bayan an gano ta ba shi da gurbi. Ka kuma yi taka-tsantsan da abin da kake aunawa. Wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2019 ya nuna yadda wata manhaja a Amurka ta ɗauki kuɗin da aka kashe wa majiyyaci a matsayin ma'aunin rashin lafiyarsa. Da yake an fi kashe kuɗi kaɗan kan baƙar fata, sai ta riƙa rage su daga jerin masu buƙatar ƙarin kulawa.

Sirrin majiyyaci amana ce. Goge suna bai isa ba, domin ranar haihuwa da jinsi da unguwa kan iya tona mutum. Dokar HIPAA ta Amurka ta lissafa abubuwa 18 da ake cirewa, Tarayyar Turai kuma tana da dokar kare bayanai ta GDPR tun 2018. Karanta dokar ƙasar da kake aiki.

Don gwada hannu, Synthea tana samar da majiyyatan ƙirƙira kyauta. MIMIC-IV kuwa bayanan gaske ne daga wani asibiti a Boston, ana samunsu ta PhysioNet bayan ka kammala horon ɗa'ar bincike ka sa hannu kan yarjejeniya. Mai sha'awar lafiyar al'umma ya koyi DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya wadda Jami'ar Oslo ke kula da ita. Zaɓi tambaya ɗaya, misali su wa ke dawowa asibiti cikin kwana 30 bayan sallama, ka rubuta rahoto mai shafi biyu da ke bayyana layukan da ka cire da dalilin cire su. Da shi za ka nemi aikin mai nazarin bayanai a asibiti, kamfanin inshorar lafiya, ma'aikatar lafiya ko cibiyar bincike.