Yadda Ake Zaɓar Sigar Furemwok Kafin a Fara Gina Shafin Intanet

Ka riga ka yanke shawara tsakanin Django, Laravel da Angular, wato furemwok-furemwok, shiryayyun tubalan manhaja da ake ɗora shafin intanet a kansu, sai kuma wata tambayar ta taso: wace siga za a sauke? Da yawa sukan ɗauki wadda lambarta ta fi girma su wuce. Ba laifi ba ne a kowane lokaci, amma abin da ya kamata ya ja ragamar zaɓin shi ne ranar da za a daina yi wa sigar gyara, da kuma ko sabarka (kwamfutar da shafin zai zauna a kanta) da fakitocinka (ƙananan manhajojin da ake ƙara wa furemwok) za su iya ɗaukarta. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

Mataki na farko: duba abin da sabar ke iya ɗauka

Kowace sigar furemwok tana da ƙaramar sigar harshen da take buƙata. Laravel 10 na neman PHP 8.1, Laravel 11 da 12 kuwa sai PHP 8.2 zuwa sama. Django 4.2 na aiki da Python 3.8, amma Django 5.0 zuwa 5.2 sai Python 3.10. Saboda haka kafin komai, shiga sabar da shafin zai zauna a kanta, ba kwamfutarka ba, ka buga `php -v` ko `python --version` ko `node -v` in Angular ne. Abin da ya fito shi ne iyakarka.

Idan sabar taka ce kai kaɗai, da sauƙi, kana iya sabunta harshen. Idan kuwa ta haya ce da ake rabawa da wasu, abin da kamfanin ya tanadar shi za ka yi aiki da shi. Kada ka manta da rumbun bayanai ma: Django 4.2 ya daina karɓar MySQL 5.7, sai 8 zuwa sama. Wannan binciken ba ya ɗaukar minti biyar, kuma yakan cire rabin zaɓuɓɓukan tun daga tushe.

Mataki na biyu: nemo ranar da tallafi zai ƙare

Nan ne ya fi cancanta a tsaya a yi nazari. Kowane babban furemwok yana da jadawalin da ke nuna tsawon lokacin da za a ci gaba da fitar wa siga facin tsaro. Bayan wannan rana shafinka ba zai mutu ba, zai ci gaba da buɗewa kamar kullum, sai dai duk wata kafa da masu kutse suka gano ba wanda zai toshe maka ita.

Django na fitar da sabuwar siga kusan duk wata takwas, kuma kowace tana samun kulawa ta kimanin wata 16. Amma duk shekara biyu, a watan Afrilu, akwai wadda ake yi wa alamar LTS, mai dogon tallafi na shekara uku: 3.2 a 2021, 4.2 a 2023, 5.2 a 2025. Duba abin da wannan ke haifarwa. Django 5.1 ta fito a Agustan 2024, an tsara tallafinta ya ƙare a Disambar 2025. Ita kuwa 4.2, wadda ta girme ta da fiye da shekara guda, an ba ta har zuwa Afrilun 2026. Wanda ya ɗauki 5.1 don kawai ita ce sabuwa a lokacin, shi ne ya riga mai tsohuwar shiga matsin sabuntawa.

Laravel ya bi wata hanyar. Tun bayan siga ta 6 ta 2019 bai sake fitar da LTS ba. Yanzu babbar siga ɗaya ce a shekara, da gyaran kurakurai na wata 18 da facin tsaro na shekara biyu. A irin wannan tsari babu ribar komawa baya, ta baya-bayan nan ce ta fi sauran kwana. Angular ya fi su gudu, babbar siga duk wata shida, tallafi wata 18.

Sai ka ɗauki wannan rana ka gwada ta da rayuwar aikin. Shafin da za ka miƙa wa mai shi ka tafi, ba tabbas wani zai taɓa shi nan da shekara biyu, LTS ya dace da shi in akwai. Manhajar da ke da ma'aikata a kanta kullum, masu gwaje-gwaje a rubuce, ita ce za ta iya bin kowace sabuwar siga ba tare da wahala ba.

Mataki na uku: tambayi fakitocinka

Ba wanda ke gina shafi da furemwok tsura. Akwai fakitin shiga da kalmar sirri, na biyan kuɗi, na fitar da PDF, na shafin gudanarwa. Rubuta waɗanda aikin ba zai yiwu ba sai da su, ka duba ko kowane ya bayyana cewa yana aiki da sigar da kake so. A PyPI, rumbun fakitocin Python, akwai layi irin `Framework :: Django :: 5.2` a gefen shafin fakiti. Mai amfani da Composer, manhajar sauke fakitocin PHP, yana iya buga `composer why-not laravel/framework 12.0`, nan take ya ga wane fakiti ne ya tare hanya.

A ɓangaren npm kuwa, manhajar sauke fakitocin da Angular ke amfani da ita, rashin jituwa yakan fito da jan rubutu mai ɗauke da `ERESOLVE`. Mutum ya gaji, sai ya ƙara `--legacy-peer-deps`, saƙon ya ɓace. A ganina wannan rufe tukunya ne alhali tana tafasa. Rashin jituwar na nan, sai dai ta bayyana daga baya a wurin da ba a zata ba. Idan fakitin da ba ka da madadinsa bai iso sabuwar siga ba, ko dai ka jira shi, ko ka sauka siga ɗaya ƙasa matuƙar tana cikin tallafi. In kuma ka ga fakitin ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, shi ya kamata ka canza, ba furemwok ɗin ba.

Mataki na huɗu: ka guji wadda ba ta nuna ba

Duk sigar da ke da `alpha`, `beta` ko `rc` a jikinta ta gwaji ce, ba ta shafin da jama'a ke shiga ba. Ko wadda ta fito jiya ma, mai ƙarewa da `.0`, babu asara in an ɗan dakata har facin farko ya biyo.

Mataki na biyar: in koyo kake yi, daidaita da darasin

Mai koyo yana da matsala ta daban. Ya sauke sabuwar siga, darasin da yake bi kuma na shekarun baya ne. An ce ya rubuta `from django.conf.urls import url`, ya rubuta, sai ga `ImportError`, domin an cire wannan tun a Django 4.0. Ko a ce masa ya buɗe `app/Http/Kernel.php`, ya neme shi sama da ƙasa bai gani ba, saboda sabon aikin Laravel 11 ba ya zuwa da shi, an mayar da saitin cikin `bootstrap/app.php`. Irin wannan kan sa mutum ya zaci shi ne ba ya ganewa. Maganin shi ne ka fara duba sigar da darasin ya yi amfani da ita. In tana cikin tallafi, sauke ita daidai. In ta mutu, nemi wani darasin. Haka nan in kana karanta bayanan hukuma na furemwok, lura da lambar da ke cikin adireshin, kamar `/en/5.2/`, don injin bincike yakan kai mutum tsohon shafi.

Mataki na shida: ɗaure zaɓin a rubuce

Da zarar ka tsayar da siga, rubuta ta yadda facin tsaro zai shigo amma babbar siga ba za ta faɗo maka ba zato. A `requirements.txt`, fayil ɗin jerin fakitocin aikin Python, ka sa `Django>=5.2,<5.3`. Fayilolin `composer.lock` da `package-lock.json` kuma su shiga Git, manhajar adana tarihin canje-canjen aiki, tare da sauran aikin, don abokin aikinka da sabar su sauke abu iri ɗaya da naka.

Idan tsohon aiki ka gada wanda ya yi nisa a baya, kada ka yi tsalle ɗaya zuwa ƙarshe. Hau siga ɗaya, gudanar da gwaje-gwaje, gyara, sannan ka hau ta gaba. Angular ma haka ya tsara `ng update`, babbar siga ɗaya a lokaci guda. A Django, `python -Wa manage.py test` zai jero maka gargaɗi kan abubuwan da za a cire nan gaba, ka gyara su tun kana kan tsohuwar sigar. Sai dai akwai inda hawa-hawa ba ya aiki: AngularJS, wanda tallafinsa ya ƙare a ƙarshen 2021, ba tsohuwar sigar Angular ta yau ba ce da za a sabunta da umarni ɗaya. An sake rubuta furemwok ɗin ne daga tushe a 2016, don haka mai irin wannan aikin ya ware lokaci da kasafin sake gini.