Yadda nake kai hannu ga wayoyin bayan allon agogunan ƙaramin jirgin sama

Wanda bai taɓa kwanciya rigingine a daɓen ɗakin matuƙin ƙaramin jirgi Cessna 172 ba, kansa tsakanin fedoji, ƙafafunsa a waje ta ƙofa, yana ganin gyaran waya aiki ne na minti goma. Gyaran kansa kam minti goma ne. Isa wurin wayar, da fitowa ba ka taɓa abin da bai shafe ka ba, shi ke cinye yini. Bayan allon nan ba wayoyi kaɗai ke zaune ba: akwai bututun iska, tiyon mai, sarƙar sitiyari, duk a cushe a wurin da bai fi akwatin kaya ba.

Kafin na buɗe komai sai na ɗauko zanen wayoyi na wannan jirgin, mai lambarsa, ba na ɗan'uwansa ba. Ita 172 ma kanta ta tashi daga wuta mai bolt 14 zuwa 28 a ƙirar 1978, ga kuma rediyoyin da masu jirgi suka yi ta ƙarawa shekara da shekaru. Sannan na kashe babban makunni, na cire kan batir, na fara da na nagetif. A 172 batirin yana gaba, jikin bangon da ya raba inji da ɗakin matuƙi. A Piper Cherokee da yawa kuwa sai ka neme shi a baya, wajen kujerar baya ko wurin kaya. Cire zobe da agogon hannu. Zoben da ya haɗa wuta da jikin jirgi yakan yi ja kafin ka zare shi.

Ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai. Cire batir ba ya kashe maganeto, wato na'urar da ke ba fulogogin inji tartsatsi, domin shi da kansa yake haifar da wutarsa. Makullin tayar da inji yana kashe shi ne ta hanyar haɗa wata siririyar waya da jikin jirgi. In gwiwar hannunka ta tsinke wannan wayar a bayan makulli, maganeto ya zama rayayye alhali makulli yana nuna a kashe. Wani ya zo ya juya farfela da hannu, inji na iya amsawa. Don haka ina sa wa tayoyi waigi, ina rataya takardar gargaɗi a farfela, kuma makullin yana aljihuna.

Hanyoyin shiga uku ne, kuma ta ƙasa ita ce ta ƙarshe da nake zaɓa. Ta farko ita ce ta sama: a jirage da yawa marfin da ke kare agoguna daga hasken rana yana fita da 'yan kusoshi kaɗan. Shimfiɗa tsumma mai laushi tukuna, don gilashin gaban roba ne, kan sukundireba ɗaya ya isa ya bar masa tabo har abada. Wasu tsofaffin jiragen Mooney ma suna da marafe a waje, gaban gilashi, ka buɗe ka ga bayan agoguna kana tsaye.

Ta biyu ta gaba ce. Zare agogo ɗaya, ka sami rami mai faɗin inci 3 da ɗaya bisa takwas, wanda hannu da ƙaramin madubi za su shiga. Rediyo ma yakan zamo daga akwatinsa in ka kwance kusar da ke riƙe shi da ɗan makullin alen, ka sami taga babba. Amma zaɓi agogon da za ka cire da hankali. Mai waya kawai shi ne abokinka. Agogon tsayi, na gudun iska da na hawa da sauka suna haɗe da bututun iskar waje. Ka kwance ɗaya, ka jawo wa kanka gwajin yoyo, kuma a Amurka doka ta 91.411 ta wajabta shi kafin jirgin ya koma tashi da agoguna cikin gajimare. Agogunan da ke da jairo, wato ɗan faifai mai juyawa da sauri, a ciki kuwa kamar ƙwai suke, a ajiye su kan abu mai laushi, a toshe bakin tiyonsu kada ƙura ta shiga. Kusoshin da ke kusa da kamfas na tagulla ne da gangan. Mayar da su inda suke, kuma kada sukundireba mai maganaɗisu ya kusanci wurin.

In dole sai ta ƙasa, fitar da kujera gaba ɗaya, kada ka ce za ka lanƙwashe a gefenta. Shimfiɗa katako da matashi a kan layin dogon kujerar, ɗaura tocila a goshi, sa tabarau domin ƙura da guntayen waya ido suke nufa. Ka shiga da kayan aikin da ka ƙirga, a cikin tire ɗaya.

Kafin na kwance ko da waya ɗaya, sai na ɗauki hoto ta kusurwa uku, na manna wa kowace waya alama a bakinta. Wayoyin jirgi yawanci farare ne duka, ƙwaƙwalwa ba ta da amfani a nan. Kada ka ja damin waya don ka leƙa bayansa. Rigar tsohuwar waya takan bushe ta tsage, yau ba ka gani, sai bayan wata biyu fis ya fara tashi ba dalili. A tsofaffin jirage siririn bututu ne ke kawo man inji kai tsaye har bayan agogon matsin mai, kuma na zafin mai yana da wani siririn da in ya karye agogon ya mutu ke nan. Sabuwar waya ta zama irin ta jirgi, mai rigar Tefzel, ba ta mota ba, kuma ta bi saman bututun mai, ba ƙarƙashinsa ba, kada a ɗaure ta a jikinsa. Babi na 11 na takardar AC 43.13-1B ta hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ya yi bayanin kauri da tazara dalla-dalla.

Na taɓa gama aiki tsaf, na ɗaure dami da igiyar roba, na yaba wa kaina. Da na ja sitiyari baya har ƙarshe sai na ji ya ɗan cije. Damin ne ya sauko kan hanyar sandar sitiyarin, wadda ba ka ganin iyakar tafiyarta in kana kwance. Tun ranar, kafin na mayar da marfi, sai na sa wani ya tura sitiyari gaba, ya ja baya, ya juya hagu da dama a kowane matsayi, ni kuma ina ƙasa da tocila ina kallo. Haka fedoji, da sandar totur da ta cakuɗa mai da iska. Wutsiyar igiyar roba kuma a yanke ta daidai da kanta, saboda hannun makaniken da zai biyo bayanka.

Sai ƙirga kayan aiki, a tabbatar kujera ta kama layinta ta kulle, a mayar da batir, nagetif a ƙarshe. Kunna abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kana sansana iska. A tayar da inji, yana ƙaramin gudu a mayar da makulli kan kashewa na ɗan lokaci: in inji ya nemi mutuwa, wayar maganeto tana nan lafiya. Sannan injiniya mai lasisi ya duba, ya rubuta abin da aka yi a littafin jirgi, da kwanan wata da sa hannunsa.