Yadda za ki shirya ɗaki da salon Japandi a zafin Sakkwato

Japandi haɗin tsari biyu ne. Daga Japan aka ɗauko gajerun kayan zama da barin fili a ɗaki, daga ƙasashen Denmak, Suwidin da Norwe kuma aka ɗauko katako mai haske da kaya marasa tarkacen ado. Ni da jeren ɗakin amare ne sana'ata, abin da ya ja ni gare shi shi ne ɗakin da ba a cusa wa kaya ba ya fi shan iska a watan Afrilu, ya fi sauƙin shara idan ƙurar hunturu ta sauka.

Ki fara da ragewa kafin ki sayi komai. Kwanukan da ke jere a fili su koma cikin kabad mai murfi. Na san gwaggo za ta ce ɗakin ya yi wayam kamar ba a yi miki gara ba. Ki lallashe ta, kayan suna nan.

Bango ki yi masa fenti ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske, wanda ba ya sheƙi. Launi uku sun isa ɗaki, baƙi kaɗan a ciki.

Wajen kafinta ake yawan ɓata aikin. Ki ce masa gado da kujera su yi ƙasa-ƙasa, babu sassaƙar fure, babu ruwan zinari, kar kuma ya lafta banish mai ƙyalli. A bar zanen katakon ya fito. Zai ce ai bai ƙare ba. Ki tsaya kan bakanki.

Haske fa sai da lura. Mutanen arewacin Turai suna barin taga ba labule saboda rana na yi musu wuya a lokacin sanyi. Mu rana ta yi mana yawa, don haka bin Japanawa ya fi, masu tace haske da ƙyauren takarda. Labulen auduga mara kauri ko asabari zai yi miki wannan aikin. Kwan fitila ya zama mai ɗan ja-ja.

Sauran duk akwai su a kasuwa. Tabarmar kaba a madadin kafet mai riƙe ƙura, tintimi ɗaya na jar fatar akuyar Sakkwato, faifai biyu a bango, da tulun ƙasa a lungu. Ko tulun ya ɗan karkace ki ɗauka, masu wannan salo sun fi daraja aikin hannu da bai fito sumul ba.