Farauta a Birtaniya: Lasisi Daban, Izinin Mai Gona Daban

Duk wanda ya taso inda ake fita farauta da rani, a ji ganga a ɗauki gora a kira karnuka, idan ya fita bayan gari a Birtaniya sai ransa ya biya. Ga zomaye suna kiwo a bakin titi, ga kurciyoyin daji manya-manya sun cika gonaki, ga barewa na tsallaka hanya da magariba ba mai kula ta. To ɗan'uwa, kama kanka. A ƙasar nan babu dajin da ba shi da mai shi. Ko kurmin da ka ga kamar an manta da shi, akwai sunan wani a takardarsa, kuma shiga filin mutum da bindiga ba izini laifi ne da kan kai mutum gidan yari, ko da bindigar iska ce babu harsashi a ciki. Ga wanda ke zaune da biza, irin wannan tabo yana iya bin sa har ranar neman takardar zaman dindindin.

Farautar da muka sani ma tun farko a ajiye ta. Dokar 2004 ta hana sakin karnuka su bi dila ko barewa a Ingila da Wales, dokar 1981 kuma ta hana harbin dabba da kwari da baka. Abin da ya rage shi ne bindiga, ita kuma dokar 1968 ce ke riƙe da ita, ana ƙara ɗaure ta duk sa'ad da wani bala'i ya auku. Bayan harbe-harben Hungerford a 1987 aka hana manyan bindigogi masu sarrafa kansu. Bayan an kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane a 1996 aka hana ƙananan bindigogin hannu. Bayan na Plymouth a 2021 aka wajabta takardar likita kafin a duba buƙatar kowa. Idan ka ga 'yan sanda suna bin diddigi, daga nan abin ya samo asali, kada ka ɗauka don launin fatarka ne kawai ko don sunanka.

Lasisin iri biyu ne, kowanne na shekara 5, kuma rundunar 'yan sandan yankin da kake zaune ce ke bayarwa. Na shotgan, wato bindigar da ke watsa ƙwayoyi, ya fi sauƙi. Na raifil, wanda 'yan harkar ke kira FAC, shi ne mai wuya, domin kowace bindiga sai ka kawo ƙwaƙƙwaran dalilin mallakarta, kuma a rubuta maka yawan harsashin da za ka iya ajiyewa. Tsaron kai ba dalili ba ne a Ingila, Wales ko Sikotilan. Wanda ya furta haka ya kashe buƙatarsa da bakinsa. A Fabrairun 2025 kuɗin sabon FAC ya zama fam 198, na shotgan fam 194, ban da abin da likita zai karɓa. Arewacin Ayalan tsarinta daban ne.

Inda sabon zuwa kan tsaya cak shi ne wajen masu shaida. Ana son mutanen da ke zaune a ƙasar, waɗanda suka san ka aƙalla shekara 2, ba 'yan gidanku ba. Ka ga ke nan wanda ya sauka bara sai haƙuri. 'Yan sandan kuma suna iya neman shaidar rashin laifi daga ƙasar da ka baro. Daga nan jami'in bincike zai zo har gida, ya zauna ya sha shayi ya yi ta tambaya, ya girgiza akwatin ƙarfen da ka kafe a bango ya ga ko yana motsi. In gidan haya ne sai da yardar mai gida kafin ka huda bango, in kuma ɗaki ɗaya ka kama a gidan da ake tarayya, da wuya ya gamsu. Maɓallin akwatin kai kaɗai za ka san inda yake. Ko uwargida bai halatta ta sani ba in ba ta da lasisi, kuma an taɓa karɓe wa mutum lasisi a kan haka.

Yanzu ga abin da ya fi kayar da mutane, har 'yan ƙasar. Lasisin ya zo, mutum ya duba hotonsa ya ji daɗi ya jefa a aljihu, bai karanta sharuɗɗan da aka buga a jiki ba. Alhali saɓa wa sharaɗi ɗaya laifi ne mai zaman kansa. Sharaɗin zai faɗi abin da aka yarda ka harba da kowace bindiga: wannan ta zomo da ɓera ce, waccan ta dila, waccan ta barewa, wata kuma ta filin atisaye kaɗai. Wani lokaci a ƙara cewa da duk wata dabbar da doka ta halatta, wani lokaci ba a ƙarawa. Wasu rundunonin kan sa wa sabon shiga sharaɗin sai da ƙwararre a gefensa.

Sai maganar fili. Lasisin farko yawanci rufaffe ne: ba ka harbi sai a filin da shugaban 'yan sandan yankin da filin yake ya amince ya dace da irin bindigarka, kuma kana da izinin harbi a cikinsa. Abu biyu ke nan, dole su haɗu. A ce manomi a Yorkshire ya ba ka izini, an duba gonarsa an amince, ka yi wata shida kana rage masa zomaye. Maƙwabcinsa ya gani ya ce kai ma zo ka taimake ni. Yardarsa ba ta isa ba. Sai ka tuntuɓi sashen lasisi, ka ba su sunan gonar da taswirarta, ka tambaya ko an taɓa amincewa da ita, kuma da wane girman bindiga. Gonar da aka yarda da raifil mai lamba .22 a cikinta ba lallai a yarda da mai lamba .243 ba, saboda harsashin ta biyun yana cin nisa ƙwarai. In an riga an amince, nemi su tabbatar maka ta imel ka adana. In ba a taɓa ba, sai jami'i ya je ya taka filin da ƙafarsa, abin da kan ɗauki makonni. In gonar tana wani yanki, rundunar can ce ke da ta cewa, ba taka ba. Bayan 'yan shekaru, idan ka nuna ƙwarewa, kana iya neman a buɗe maka lasisin, daga nan kai ne za ka auna ko fili ya dace. Izinin mai fili dai yana nan daram. Lasisin shotgan ba shi da wannan sharaɗin duba fili, amma shi ma ba ya ba ka ikon taka gonar kowa.

Samun izinin shi ne ainihin aikin, kuma gaskiya ya fi lasisin wuya. Manomin Ingila bai san ka ba, ga shi kana neman yawo da bindiga kusa da tumakinsa. Kada ka je ƙofarsa da bindiga ko kayan sojoji, kada ka je lokacin haihuwar tumaki ko tsakiyar girbi, ba zai ko ɗago kai ba. Je da tsakar rana cikin kayan mutunci, riƙe da shaidar inshora. Zama ɗan BASC, wato ƙungiyar masu harbi ta Birtaniya, yana zuwa da ita. Fara da abin da ke damunsa: kurciyoyin da ke cinye masa shuka da sanyi, ɓerayen rumbu, zomaye. Maganar barewa bari sai an saba. Hanyar da na ga ta fi ɓullewa ita ce shiga cikin masu kora tsuntsaye a ranakun harbin fezan, wani tsuntsu mai kama da zabo, tsakanin Oktoba da ƙarshen Janairu. Kana kutsa ƙaya da taɓo da sanda a hannu, a sallame ka da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma a nan masu kula da daji da manoma za su san fuskarka, a nan kuma masu shaidarka za su fito.

Idan ya amince, a sa a takarda: sunansa, sa hannu, kwanan wata, abin da za ka harba, dare ko rana, da taswira mai jan layi a kan iyaka. Ka kuma tambaye shi ko haƙƙin harbin nasa ne, domin manomi da yawa haya suke yi, mai ƙasar ya riƙe haƙƙin ko ya sayar wa wata ƙungiya. Ku zaga tare ya nuna maka hanyoyin ƙafa da jama'a ke da ikon bi ta tsakiyar gona, da gidaje, da inda tudu zai tare harsashi. Harsashi ko ƙwayar bindigar iska ta ƙetare iyaka, kai ke da laifi. Harbi cikin ƙafa 50 daga tsakiyar titin mota, in ya firgita ko ya jefa mai wucewa cikin haɗari, shi ma laifi ne. Masu fita da dare da yawa kan kira 101, lambar 'yan sanda ta abin da ba na gaggawa ba, su sanar tukuna, don kada wani ya hango baƙon mutum da bindiga ya tara masa jama'a.

Dabbobin ma da lokacinsu. Barewa iri 6 ce a ƙasar, kowace da watannin da aka hana taɓa ta in ban da 'yar ƙaramar muntjak, kuma manyan ba a harbinsu a Ingila da abin da bai kai .240 ba. Fezan da makwarwa ba a harbinsu ran Lahadi ko ran Kirsimeti a Ingila da Wales. Agwagin wuraren shaƙatawa da suwan, wato manyan fararen tsuntsayen kogi masu dogon wuya, ko kallon miya kada ka yi musu. Batun halacci kuwa, a yi basmala lokacin harbi, in an tarar da dabba da sauran rai a yanka. Sauran bayani na wajen malamai.

Kafin shekara biyun da ake so masu shaida su san ka ta cika ba sai ka zauna haka ba. Filayen harbin faifan yumɓu suna karɓar wanda ba shi da lasisi, su ba shi aron bindiga da mai koyarwa. Kulob ɗin raifil da gwamnati ta amince da shi yana ɗaukar sabon shiga gwajin aƙalla wata 3. Bindigar iska mai ƙaramin ƙarfi ba ta buƙatar lasisi a Ingila da Wales ga wanda ya kai 18, amma a Sikotilan tun ƙarshen 2016 sai da takarda, don haka mazauna Glasgow da Aberdeen su nemi tasu kafin su saya.