Kurakuran da Ake Yawan Yi Wajen Karanta Gajerun Labaran Franz Kafka

Na gaji da gyara kurakurai iri ɗaya a rubuce-rubucen sababbin masu nazarin gajerun labaran Franz Kafka, musamman labarin Gregor Samsa, ɗan tallan yadin da ya wayi gari ya rikiɗe ya zama wani irin ƙwaro, wanda aka buga a 1915.

Mafi muni shi ne cewa Gregor ya zama kyankyaso. Ni kaina na taɓa afkawa wannan rami, kuma na ji jiki. Mako uku na shafe ina rubuta sharhi mai shafi goma sha biyu wanda na gina kacokan a kan kyankyaso, da ƙyamar da ake yi masa, da yadda yake arcewa idan an kunna fitila. Malamar da ta duba aikin ta buɗe rubutun Jamusanci, ta ɗora yatsa a kan kalma guda, Ungeziefer, sannan ta miƙo mini takarduna ba ta ce uffan ba. Kalmar tana nufin kowace irin ƙazamar halitta mai ɓarna a cikin gida, ba tare da an fayyace jinsinta ba, kuma da gangan Kafka ya bar ta haka, domin a watan Oktoba na 1915 ya rubuta wa maɗaba'ar Kurt Wolff cewa kada a zana ƙwaron a bangon littafin ko daga nesa. Tsohuwar mai aikin gidan ce ta kira Gregor buzuzu, kuma wannan bakinta ne, marubucin bai faɗa ba. Tun daga ranar ba na ɗora sharhi a kan kalma sai na gan ta a fassara biyu, idan suka saɓa in nemi asalin.

Na biyu shi ne mayar da kowane labari rigimar Kafka da mahaifinsa. Wasiƙar da ya rubuta wa uban a 1919 tana nan, ba wanda ya musa, amma lalaci ne ɗalibi ya ga uba ya jefi Gregor da tuffa, ya ce ya gama fahimta. Ina bashin da iyayen suka ci na maigidansa, ina jirgin ƙasan ƙarfe biyar na asuba da ya wuce shi? Kafka, mutumin da ya yi aiki a hukumar inshorar haɗurran ma'aikata a Prague, babban birnin ƙasar Czech ta yau, daga 1908 zuwa 1922, ya san abin da aiki yake yi wa jikin ɗan Adam. Ɗabi'ata ita ce in karanta labari sau biyu kafin in taɓa tarihin marubucinsa.

Kada a kira Kafka ɗan ƙasar Jamus, Bayahude ne haifaffen Prague a 1883 da ya yi rubutu da Jamusanci. Kada kuma a ce Max Brod, abokinsa da ya ƙi cika wasiyyarsa ta a ƙone rubuce-rubucensa, shi ne ya ceto labarin Gregor daga wuta, domin ya fito shekara tara kafin rasuwar Kafka a 1924.